Hannun da Ya Ƙi Mayar da Ƙwallo

Mus'ab Usuman yana da shekara goma sha tara ya fara tsugunawa a bayan mai sanda, kuma ba don yana sha'awar abin ba. Aikinsa a lokacin ban ruwa ne a filin wasa na wani rukunin gidajen ma'aikata a arewacin Jidda, inda Amurkawa da 'yan Filifin da wasu 'yan Benezuwela suke haɗuwa kowace safiyar Juma'a su buga besbol kafin rana ta buɗe. Wasan dai ga yadda yake: mutum ɗaya ya tsaya a kan ɗan tudu ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya kai mata duka da sanda, in ya kuskure sai ta faɗa hannun na uku, wanda yake tsugune a baya sanye da kwalkwali mai ragar ƙarfe da sulken ƙirji da wata ƙatuwar safar hannu ta fata. Wannan na ukun shi ne mai kamu, kuma a zafin Jidda babu mai son aikinsa. Ranar da mai kamunsu ya gama kwangila ya koma ƙasarsu, sai suka waiga suka ga Mus'ab yana naɗe tiyo a gefen fili. Suka sa masa kayan. Ƙwallon farko ta daki ƙirjinsa, ta biyu ta ƙwace ta wuce, ta uku ta zauna cikin safar da wata ƙara mai daɗin ji. Daga ranar bai ƙara barin wurin ba.

A Waziriyya, wata unguwa a Jidda, aka haife shi. Mahaifinsa Usuman Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, ya zo aikin hajji ya zauna, ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu. Mus'ab yana riƙe da fasfon ƙasar da bai taɓa takawa ba, da iƙama, takardar izinin zama, da ake sabunta masa shekara-shekara. Hausarsa a gida yake yinta da mahaifiyarsa Sauda, rabi Hausa rabi Larabci, ita kuma takan ce masa ba ta taɓa jin inda mutum mai hankali ya tsuguna don a jefe shi ba.

Cikin shekara uku ya gane cewa kamun ƙwallo shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin shi ne karanta mutum. Yakan dubi yadda mai sanda ya kafa ƙafafunsa, da inda ya riƙe sandar, da ko yana haɗiyar yawu, sai ya saukar da yatsunsa tsakanin cinyoyinsa ya nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi: mai sauri, ko mai lanƙwasa, ko mai yaudara da take zuwa a hankali. Duk wanda ya yi jifa da shi sai ya ga kamar hannunsa ya ƙara kyau. Labari ya kai ga wani mutum mai suna Badr, manajan wani kamfanin dakon kaya kusa da tasha, wanda yake da ƙungiya a gasar ta Juma'a. Badr ya ɗauke shi, aka mayar da kafalarsa kamfanin, wato takardun zamansa suka koma ƙarƙashinsu, aka koya masa tuƙin motar ɗaga kaya a sito. Kwana biyar yana ɗaga kaya, ranar Juma'a yana tsugune. Yatsunsa biyu na hannun dama suka karye suka ɗoru a karkace. Ya auri Latifatu, 'yar unguwarsu, suka haifi Najwa, mutane suka koma kiransa Abu Najwa.

Bandar ya zo ne lokacin Mus'ab yana da shekara ashirin da takwas. Ɗan ƙasa ne, dogo, ya yi karatu a Amurka ya dawo da hannu mai ƙarfin gaske wanda bai san inda yake aika ƙwallo ba. A wasansa na farko ya jefi mutum biyu a haƙarƙari, ƙungiyoyi suka fara cewa a hana shi. Mus'ab ne ya ce a bar masa shi. Shekara huɗu suna haɗuwa bayan la'asar, kwana uku a mako, a wani fegi na bayan sito. Ya gyara masa takun ƙafa, ya hana shi huci in an daki jifarsa, ya koya masa ya daina girgiza kai in an ba shi alama. Bandar ya zama mai jifar da ba a da kamarsa a yankin yamma gaba ɗaya.

Da aka tashi haɗa ƙungiyar ƙasa, aka kira Bandar. Shi ma Mus'ab an kira shi, amma don ya kama wa masu jifa a sansanin horo na mako biyu. Ranar tafiya ya taya su loda jakunkuna a bas, ya dawo gida. Bai yi ƙorafi ba, domin tun yana ƙarami ya san abin da takardarsa take ba shi da abin da ba ta ba shi. Bandar ne ya yi ta faɗa a waya, shi kuma yana ba shi haƙuri.

Sai ga wata sabuwar gasa ta ƙwararru an buɗe a wata ƙasa maƙwabciya ta gaɓar Tekun Fasha, da tsofaffin 'yan wasa daga manyan gasannin duniya da wasu kaɗan daga yankin. Wata ƙungiya ta ɗauki Bandar, shi kuwa ya kafe cewa sai an gwada mai kamunsa. Aka aika bidiyo, aka yi ta jan magana, a ƙarshe aka aiko wa Mus'ab kwangilar mako bakwai. Shekararsa talatin da uku. Ya karanta takardar a tsaye a ƙofar sito, ya sake karantawa, sannan ya shiga banɗaki ya wanke fuska don kada abokan aiki su ga idonsa.

Sauda ba ta so ba. Ta ce mutum mai iyali ba ya sakin aikin hannu ya bi wasa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Latifatu ba ta yi musu da surukarta ba, amma ita ce ta yi ta zirga-zirgar sabunta fasfo tare da shi, ita ce kuma ta ɗinke masa igiyar sulkensa da ta tsinke. Badr ya sa hannu a takardar fita da dawowa, ya taya shi murna da gaske, sannan ya gaya masa gaskiya cewa sito ba zai iya jiran direba fiye da wata biyu ba, kuma ko wata biyun ma ba alkawari ba ne.

Filin da ya tarar can bai taɓa ganin irinsa ba sai a talabijin. An rubuta sunansa a bayan riga. Akwai mai wanke masa kaya, akwai mai naɗe masa yatsu da filasta kafin wasa. A ɗakin canza kaya ya zauna kusa da mutanen da a da yake kallon bidiyonsu a waya lokacin hutun azahar, yanzu sun yi furfura da tumbi amma hannunsu bai manta ba. Wasa uku na farko ya yi su lafiya lau. A na biyu wani ɗan Kuba mai gudu kamar barewa ya yi yunƙurin satar zango na biyu, wato ya ruga zuwa na biyu cikin wuraren tsayawa da ake zagayawa kafin a ci maki, Mus'ab ya cafe ƙwallo ya wurga wa mai tsaron zangon tun bai gama miƙewa ba, ta isa kafin mutumin. Kocin, wani dattijo ɗan Dominika, ya dafa kwalkwalinsa ya ce da an gan shi yana ɗan shekara ashirin da labari ya sha bamban. Mus'ab ya ɗauki maganar a matsayin yabo. Ya aika wa Latifatu bidiyon, ta nuna wa duk matan benensu.

A wasa na huɗu ne abin ya same shi, da yamma, a zagaye na uku, Bandar yana kan tudu. Bayan kowace jifa mai kamu yakan mayar wa mai jifa ƙwallo, tazarar da ba ta kai taku ashirin da biyar ba. Babu wanda yake lissafa wannan a cikin wasa. Mus'ab ya yi ta sau ɗari da hamsin a kowace Juma'a har shekara goma sha huɗu, yana hira da alƙalin wasa ko yana tunanin mai sanda na gaba. A ranar ya cafe, ya ɗaga hannu, ƙwallo ta wuce saman kan Bandar ta tafi tsakiyar fili. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ta gaba ya nutsu ya auna, sai ta daki ƙasa a rabin hanya ta gangara. Ta uku ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama kusa da kunnensa, yatsunsa sun manne da ƙwallo sun ƙi saki. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya ji gumi yana bin bayan wuyansa, ya ji idon mutane, ya ji kamar hannun na wani ne aka ɗaura masa. Da ya tilasta shi, ƙwallo ta fita ta gefe, wani ɗan wasan abokan hamayya da yake zango na uku ya ruga ya ci maki.

Ya nemi a dakata, ya taka har tudun da ƙafa ya damƙa wa Bandar ƙwallo a hannu.

"Lafiya, ya Abu Najwa? Kafaɗa ce?"

"Ba abin da yake mini ciwo."

"To mene ne?"

"Wallahi ban sani ba."

Sau biyu ya sake takawa ya kai ta da ƙafa kafin koci ya fito ya canza shi.

Likitan ƙungiya ya duba kafaɗa da gwiwar hannu da wuya, aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Abin da ya fi ɗaure wa kowa kai shi ne jifa mai wuya ba ta gagare shi ba. In aka ce ya wurga zango na biyu da ƙarfi, sai ta tafi kamar an ja zare. Wannan 'yar jifa mai sauƙi ce kawai ta ƙi. Aka haɗa shi da wata mai ba 'yan wasa shawara, ta koya masa jan numfashi, ta ce ya riƙa ƙirga ɗinkin ƙwallo ko ya yi waƙa a zuci don hankalinsa ya bar kan hannun. Ya gwada. Ya gwada rufe ido, ya gwada jifa daga durƙushe, ya gwada salati. Wata rana sai ta yi sau biyar a jere, ta shida ta tafi sama. Dattijon koci ya kira shi gefe ya ce ya taɓa ganin wannan sau uku a rayuwarsa, kuma ba ragwanci ba ne, ba tsoro ba ne, ba wanda ya san daga ina take zuwa. Mus'ab ya tambaye shi su ukun nawa suka warke. Kocin ya ce ɗaya, shi ma bayan ya bar kamu ya koma tsaron bayan fili yana ɗan shekara ashirin da biyu.

Sauran mako huɗun a wurin ɗumama hannu ya yi su, wani keji a gefen fili inda masu jifa suke shiri kafin a kira su. Yana kama musu, sannan ya gangara musu ƙwallo a ƙasa su sunkuya su ɗauka. Babu wanda ya yi masa ba'a. Sun daina yi masa wasa ma gaba ɗaya, suna gaishe shi a hankali kamar mai zaman makoki, wasu matasan kuma ba sa son kallonsa in yana gangarawa, kamar abin yana yaɗuwa. Bandar ya koma jifa da wani mai kamu ɗan Panama, aka yi ta dukan jifarsa wasa biyu, daga baya suka saba ya ci gaba da cin wasa. Mus'ab yana kallo ta cikin raga, yana ganin alamun da da shi ne da ba zai bayar ba, wasu kuma suna aiki duk da haka.

Ya dawo Jidda ran wata Talata da rana. A mota Latifatu ta gaya masa abin da ta ɓoye masa a waya: kamfani ya sa wani a kan motar ɗaga kayan tun mako na biyar. Da ya je kamfanin, Badr ya tashi ya rungume shi, ya sa aka kawo shayi, ya ce ba daga shi ba ne, kaya sun yi yawa a tasha. Ya ce za su bar iƙamarsa a kansu wata uku har ya samu inda zai koma. Game da wasan Juma'a kuwa, ya ce wurinsa yana nan, ya zo ya huce a cikin mutanensa, ai gida daban ne.

Ya je. Filin nan ne da ya yi wa ban ruwa, mutanen nan ne da ya san sunayen 'ya'yansu, 'yan kallo ba su fi talatin ba a kan kujerun roba. Sun tarbe shi da tafi saboda sun ga bidiyon ɗan Kuban. Jifa ta farko da ya mayar ta daki ƙasa. Ta biyu hannun ya tsaya. Wani ɗan Filifin mai shekara hamsin da yake jifa a ranar ya sauko daga tudu ya matso kusa, ya ce ya miƙo daga nan, ba komai. Mus'ab ya gama zagayen, ya cire kayan ya ce gwiwarsa ce take damunsa. Kowa ya karɓi maganar da sauri.

Sauda ta ce ido ne, kuma ta faɗa tun ranar da aka yi ta yawo da bidiyo a bene. Ta kai shi wurin wani malami a Kilo Bakwai ya yi masa ruƙya, aka ba shi man habbatus sauda da zamzam ya riƙa shafawa. Ya shafa, don bai ga abin da zai rasa ba, don kuma ran tsohuwa ya kwanta. Ita a ganinta ma an yi sa'a da abin ya tsaya a wasa bai taɓa hannun cin abinci ba. Ya rasa yadda zai bayyana mata. Da safe yakan fita neman aiki a Madinar Masana'antu, ana ce masa a bar lamba. Da yamma yakan zauna a falo hannunsa na dama a kan cinya yana kallonsa. Latifatu ta lura ko makulli ta ce ya jefo mata sai ya taso ya kawo.

Wata biyu da dawowarsa Bandar ya zo Waziriyya bayan la'asar, ya gaida Sauda, ya sha shayi, sannan ya fito da safar hannu biyu daga mota. Ya ce ƙungiyar tana haɗa sunayen 'yan wasan kakar gaba, kuma koci ya yi alkawari zai duba in akwai abin dubawa. Mus'ab ya ce a bar maganar. Bandar ya ce ba gwaji ba ne, hannunsa ne yake so ya motsa, yalla.

Suka sami wani fili a bayan wani garejin gyaran firji, ƙasa da tsakuwa da tsofaffin tayoyi. Bandar ya auna tazara da taku. Mus'ab ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya cafe, ya mayar, ta tafi daidai ƙirjin Bandar. Ta biyu ma haka. Bandar ya ɗauko labarin wani ɗan wasansu da ya ɓata a filin jirgi, suna dariya, ƙwallo tana zuwa tana komawa. Mus'ab bai so ya ƙirga ba amma ya ƙirga: ashirin da shida, babu ko ɗaya da ta kauce. Ya ji hannun ya dawo jikinsa, mara nauyi, kamar yadda yake a da. Ya fara tunanin abin da zai gaya wa Latifatu in ya hau sama.

Bandar ya ɗaga hannu ya ce ya dakata. Ya ciro waya, ya jingina ta a kan wata taya ta fuskanci Mus'ab, ya ce guda goma kawai za su ɗauka a aika wa koci, halas.

Ya koma ya wurgo. Mus'ab ya cafe, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya kusa da kunnensa.

Sun daɗe a haka. Bandar ya je ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya nuna masa hannuwansa babu komai, ya ce su ci gaba kamar ɗazu. Amma jifar ta riga ta sake ƙwace masa. Ɗaya ta daki ƙofar garejin, ɗaya ta faɗi a gaban ƙafarsa. Mai garejin ya leƙo ya ga manya biyu, ya koma ciki.

"Na ɓata maka," in ji Bandar. "Da na bari."

"A filin ma akwai kyamara, ya Bandar. Da mutum dubu uku."

"Za mu sake gwadawa. Mako mai zuwa."

"Shekarata talatin da huɗu a watan gobe. Ka gaya wa koci na gode."

Bandar ya yi ta kawo shawarwari a hanyar komawa mota. Ya ce akwai maganar horar da matasa a makarantu, zai yi magana da wani. Mus'ab ya san irin waɗannan guraben da wanda ake ba su, Bandar ma ya sani, shi ya sa muryarsa ta yi ta raguwa. Suka yi sallama a bakin titi ana kiran magariba. Ya kira sau biyu a makon da ya biyo, sau ɗaya a watan da ya biyo. Da sunayen kakar suka fito, Mus'ab ya ga an ɗauki wani mai kamu ɗan shekara ashirin da uku daga Kolombiya. Ya kalli bidiyonsa har ƙarshe. Yaron ya iya, sai dai yana saurin buɗe safarsa, abin da za a gyara masa cikin mako biyu in an samu mai gaya masa.

Saura kwana tara wa'adin Badr ya cika wani ɗan uwan Latifatu ya samo masa gurbi a wata masana'antar tayil a kudancin gari, suka yarda za su karɓi kafalarsa. Ba tuƙi ba ne. Aikin jera kwalaye ne a kan katako, a sunkuya a ɗauka a miƙe, daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, hutu ranar Juma'a kaɗai. Shugaban ma'aikatan, wani Bamisire mai ƙiba, ya dubi takardunsa, ya dubi karkatattun yatsunsa, ya tambaye shi wane aiki ya yi a baya. Mus'ab ya ce direban motar ɗaga kaya ne a sito, shekara goma sha ɗaya. Mutumin ya ce wanda ya bar gurbin, ciwon baya ne ya kama shi, don haka yana so ya ji gaskiya tun yanzu, ko akwai wata matsala a jiki, baya ko gwiwa ko hannu.

Mus'ab ya ce babu, likita ya duba shi kwanan nan bai ga komai ba. Aka ba shi riga mai ruwan toka da takalmi mai ƙarfe a baki, aka ce bas yana tsayawa a shataletalen Waziriyya ƙarfe shida saura kwata, kuma ba ya jiran kowa.